Bangon Kawu da Tagar Ungozoma

"To in na sa mata wannan, ba zai ƙone ganyen ba?" Kawu ya tambaye ni, yana jujjuya ƙwan fitilar a hannunsa.

"Wannan ba ya zafi, Kawu. Ka rataye shi sama da ganyen kaɗan, a kunna da safe, a kashe in duhu ya yi. Su ma suna son hutu."

"Kai dai faɗa. Na hana su rana, saura in hana su barci."

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, magini. Tun yana saurayi yake ɗora bulo kan bulo, har siminti ya cinye masa zanen yatsu. Bai taɓa gama gini ya ji kunyar kallonsa ba sai da ya yi nasa. 'Ya'yansa mata sun girma, ɗaki ya yi musu kaɗan, sai ya ɗora bene a bayan gida. Ya auna komai, ban da tagar maƙwabciyarsa.

Tsohuwar ungozoma ce, gwiwoyi sun hana ta fita. A hannunta aka haifi 'yan matan nan duka. Bakin tagarta cike yake da shuke-shuke, wasu a tukwane, wasu a gwangwanin madara, kuma hasken safe ne abincinsu. Bangon Kawu yana tashi, hasken ya ɗauke.

Ya zauna a bencin shagona, inda nake sayar da kayan wuta.

"Ka san abin da ke cina? Ko uffan ba ta ce ba. Muna gini tana aiko wa leburori ruwan sanyi. Da zagina ta yi, da na samu sauƙi."

Sai da matarsa ta shiga gaisuwa ta dawo ta ce ganyen sun koma rawaya, sun yi siririn tsawo suna leƙen taga.

"Na ce ai rana suka rasa, bari in ba su rana. Na kwashe su na hau da su saman bene, na tafi aiki. Ko da na dawo, sun soye, ɗana. Ashe haske suke so, ba dukan rana ba."

"Me ta ce?"

"Dariya ta yi. Wai, 'Magini, ka taɓa ganin an shanya jariri?' Sannan ta ce in ajiye mata gwangwanayen." Ya share fuska da tafin hannu. "Gwangwanayen, ka ji."

Shuka ɗaya ce ta tsira, babbar mai faffaɗan ganye, don ta naɗe ƙarfen labule ya kasa cire ta. Tana da sabon ganye guda a nannaɗe, ya ƙi buɗewa. Kowace safiya tsohuwar takan ja kujera ta zauna kusa da shi.

"In wannan ma ta mutu, da wane ido zan gaishe ta?"

Yana kallon waje, sai na ga ya ɗago kai ya dubi silin, ya sake duban waje.

"Kai, shagon nan ai ba ya fuskantar rana. Ina kake samun haske haka?"

Na nuna masa bangon kantin da ke tsallaken titi, fari fat.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Nawa bangon ko filasta ban yi masa ba ta ɓangarenta. Baƙin bulo na bar mata ta yi ta kallo." Ya miƙe ya sa ƙwan a aljihu. "Ba zai dawo mata da safiyarta ba, na sani."

"Zai rage, Kawu."

"Ka zo da waya da soket bayan la'asar. Ka gaida uwarka."

Ya ɗauki cokalin gininsa daga kan benci, ya tsallaka titi, ya nufi wajen mai fenti.