Sunan Maƙerin Argungu Ya Raba Ni da Yatsuna

A shekarun da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni matashi ne mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ina zaune a gidan haya a Badariya da matata da ɗiyarmu. Hannuna ya yi suna, har daga ƙauyuka ake aiko mini da agogon da ya gagari wasu. Bayan sana'a, harbin tsuntsu ne ya ɗauke mini hankali. Idan ruwa ya ja baya a fadamar Ambursa, dinya ta sauka cikin shinkafa, ba na iya zaman rumfa. Wannan sha'awa ce ta kai ni majalisar wasu masu bindiga da ke zama bayan la'asar a ƙofar gidan wani Alhaji dillalin shinkafa. Yau idan na tuna su, tsaki kawai nake ja.

Ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu tumbi, kowa da bindigarsa a goge da mai tana ƙyalli. Hirarsu ɗaya ce kullum, wato bututun wane maƙeri ya fi saiti, kuma kullum a kan mutum ɗaya take ƙarewa: wani maƙeri na Argungu mai buga tambarin kifi a gindin bututunsa. Suna cewa daga ƙarfen sitiyarin babbar mota yake yanko shi, ya yi ta gyaran cikinsa har harsashi ya fita bai karkata ba. Wani ya rantse ya kayar da dinya daga wannan gaɓar gulbi tana can ƙetare. Alhaji ya ce tasa ba ta san kuskure ba. Ban taɓa ganin ɗayansu ya dawo da ko gashin tsuntsu ba, amma a lokacin kunnena ne ke aiki, ba idona ba. Tsohuwar bindigar da na gada wurin kawuna kuwa, muciya suke kiranta, duk ranar da na zo da ita sai an yi dariya har da riƙe ciki.

Da dariyar ta ishe ni, na hau mota zuwa Argungu. Na zaci zan tarar da mutum a bakin wuta da guduma a hannu. Sai na tarar da shi a kujera cikin babbar riga yana cin goro, ana ta bugun ƙarfe a can bayan katanga inda ba a barin baƙo ya shiga. Da aka kawo mini bindigar na roƙi a gwada ta a gabana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, in gwaji kaka so, tafi wurin waɗanda ba a sani ba. Gidan ga suna ake saye." Kunya ta kama ni, na karɓa har da godiya. Ranar da na kai ta majalisa, Alhaji da kansa ya matsa mini wuri a kan tabarma.

Wata safiya na fita Ambursa, na ɗura mata albarushi daidai awon da na saba. Dinya ta tashi, na saita, na ja kunama. Abin da na ji ba ƙarar harbi ba ce. Na farka a cikin taɓo, hannuna na hagu kamar an tsoma shi a wuta, babban yatsa da na kusa da shi babu. Kafin manoman da ke wurin su ɗaure mini hannu da rawani su ɗora ni a babur, na ga bututun a gefena. Ya tsage ɓar, a miƙe, ta layin da aka haɗe shi, cikinsa fari fat. Bututun famfo ne aka shafa wa baƙi aka buga masa kifi.

'Yan majalisa sun zo asibiti da lemo da fuskar jimami. Na faɗa musu abin da na gani, na ce kowa ya duba tasa. Sai Alhaji ya dafa ni ya ce, "Ƙanena, kai dai ka cika mata albarushi. Aikin mutumin ga bai tsagewa." Sauran suka ɗaga kai kamar ƙadangaru. Ɗayansu ya riga ya je fadama ya karɓo fasasshiyar bindigar wai zai adana mini, ban sake ganinta ba. Kafin a sallame ni, gari ya ɗauka cewa mai agogo bai iya ɗuri ba. Da na koma wurin maƙerin, ya kalli dungulmin hannuna ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya juya yana gaisawa da wani mai saye.

Agogo ba ya gyaruwa da hannu ɗaya. Na yi ta ƙoƙari, ƙananan ƙusoshi suna zubewa ƙasa ina lalube, har masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Na koma sayar da batir da madaurin agogo, matata ta fara tuyar masa. Amma na lura da wani abu: tun ranar, babu ɗan majalisar da ya sake harba tasa. Yabo dai yana nan, har ya ƙaru, amma in aka ce a fita fadama, wannan baya ke ciwo, wancan baƙi gare shi. Sun yarda da maganata sarai, girman kai ne ya hana su faɗa, don in sunan maƙerin ya faɗi, nasu taƙamar ta faɗi tare da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Alhaji ya ɗauki tasa ya ba wani dattijo mai gadin gonarsa a Gulma, wai kyauta. Na je har can na nuna wa dattijon hannuna. Muka ɗaure bindigar a jikin itace, muka ja kunamar da igiya daga nesa. Ta tarwatse, guntun ƙarfe ya nutse cikin itacen. Dattijon ya daɗe yana kallon wurin yana salati. Da labari ya kai majalisa, Alhaji ya ce ai baƙauye bai san darajar abu mai kyau ba.

Daga ranar ban sake zama da su ba. Na gane cewa akwai mutanen da sun gwammace wani ya rasa hannu da a ce sun yi zaɓen banza, kuma irinsu ne suka fi kowa ɗaga murya wajen yabo. Ina jan kunnen duk mai sha'awar wannan harka: kada ka sayi ƙarfe don tambarinsa ko don ana zuzuta maƙerinsa a majalisa. Ka ce a gwada a gabanka, wanda ya ji haushi ya daɗe bai ji ba. Ni kunyar nacewa na ji, ga shi har yau matata ce ke ɓalla mini maɓallin hannun riga.