Butar Usta Mirajan

Shekara arba'in da 'yan kai Usta Mirajan ya yi a bakin kasuwar garin Tashkurgan yana ɗinke fasassun butocin shayi na tangaran. Ya huda nan, ya huda can, ya kama da 'yan ƙusoshin tagulla, ya shafe tsagar da farin ƙwai da farar ƙasa. Bai tara komai ba. Matarsa ta rasu, yaƙi ya ci 'ya'yansa maza biyu, butocin ƙarfe masu araha suka kashe sana'ar. Abu ɗaya ya rage masa, da shi yake tinƙaho: ba a taɓa dawo masa da buta an ce tana yoyo ba.

Sai ga littafi daga Jamus. Humayun ne ya rubuta, ɗan maƙwabcinsa da ya gudu tun yana saurayi. Shukriya, 'yar Usta, malama ce da aka rufe makarantarsu, ita ta karanta masa. A cikin labarin akwai tsoho mai ɗinkin buta, da sunan Usta da ɗingishinsa, ko sakayawa ba a yi ba. Buta guda yake ta ɗinkewa har ƙarshen littafin, kullum aka zuba shayi sai ta tsiyaye.

Shukriya ta yi ta lallashinsa, wai butar ba buta ba ce, ƙasarsu ake nufi, wadda kowa ya zo sai ya fasa.

"To ya rubuta ƙasa mana," in ji tsohon. "Me ya kawo sunana?"

Magana ta isa kasuwa. Haji Kudus mai gidan shayi, wanda ko shafi bai karanta ba, ya tare shi gaban mutane: "Usta, ashe har Turawa sun ji labarin yoyonka?" Aka yi dariya. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Nan take ya karɓi wata fasasshiyar buta a hannun Haji, ya ce ranar Juma'a da ita za a sha shayi, kowa ya zo da idonsa.

Rabonsa da riƙe mahuji shekara uku, hannu kuma ya fara rawa. Kwana huɗu ya yi a kanta. Ranar Alhamis da hantsi ya cika ta da ruwan zafi a tsakar gida, ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ɗigo ya taru ƙarƙashin ƙusa ta uku, ya faɗo, wani ya biyo shi. Shukriya ta gani, ta juya kamar tana neman wani abu a kan katanga.

Ya zauna, butar na jiƙa masa gwiwa.

"'Yata, ki aika wa Haji," ya ce a hankali, "a ce ta suɓuce mini ta tarwatse."

Bai sake bin layin kasuwa ba har ya rasu.