Rabin Ƙwaya Ranar Laraba

Har yau mutanen benenmu na titin Grand Concourse cewa suke Umma faɗuwa ta yi cinyarta ta karye. Ba haka aka yi ba. Ina wurin. Tsaye take a kicin tana kaɗa miyar kuɓewa, ba santsi, ba tuntuɓe, sai muka ji ƙas, kamar an karya rake. Ƙashin ne ya fara karyewa, faɗuwar ta biyo baya. Na gaji da gyara wa mutane zancen. Ni ma na yi nawa kuskuren: na ɗauka ƙafar mutum ɗaya ce a cikin maganar, ashe ta mutum biyu ce.

Shekara bakwai Umma ta yi tana shan maganin ƙarfin ƙashi, tun ranar da aka auna ta aka ce ƙashinta ya fara zama kamar soso. Ƙwaya ɗaya ce a mako, da sassafe kafin a ci komai, da ruwa kofi cike, kuma ba kwanciya ba sunkuyawa sai an yi rabin awa. Ta zaɓi Laraba, bayan ta idar da sallar asuba. Ni nake karɓo mata a kemis, na wata uku uku.

A lokacin ina aiki a filin jirgi, ina tura fasinjojin da ba sa iya tafiya a kujera mai taya. Da duku-duku nake fita don in kama jirgin ƙasa na layin D. Kowace Laraba sai na yi kiciɓis da Hajiyar hawa na huɗu a matattakala, tana saukowa wajenmu riƙe da kofinta. 'Yar Damagaram ce, sa'ar Umma, tana sayar da turare da gyale a tebur a bakin titi. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mutum zai zo hira da kofinsa ba.

Bayan an sa wa Umma ƙarfe a cinya, likitan ƙashi ya daɗe yana kallon hoton. Ya tambayi maganin da take sha da shekarun da ta yi a kansa. Ya ce maganin yana taimakon mutane da yawa, amma a wasu da suka daɗe a kansa akan ga irin wannan karaya. Ya ce ta daina. Sannan ya tambaya ko cinyar takan yi ciwo kafin ranar. Umma ta ce ta yi watanni. Na juya na kalle ta. Ta ce ai ta shafa man zafi.

Tana jinya a gida muka ga tallan lauyoyi a talabijin, suna neman waɗanda suka sha irin maganin suka karye, su kai kamfanin maganin ƙara. Ban shawarci kowa ba, na buga musu waya, wata lauya ta ɗauka. Maƙwabta suka ce yarinyar nan ta hango kuɗi. Ba zan ce ban hango ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne a samu wani ya rubuta a takarda cewa ba faɗuwa ta yi ba.

Fom ya zo, shafi da yawa. Wata Asabar da hantsi na zauna a gefen gadonta ina karantawa ina cikewa.

"Umma, sun ce ko kina shan maganin yadda likita ya rubuta, ɗaya duk mako. Na sa eh."

"Rantsuwa ce?"

"Sa hannu ne. Amma sun rubuta a ƙasa, ƙarya laifi ce."

"To goge."

"In goge me? Ni nake karɓowa. Ko sau ɗaya bai taɓa yin saura ba."

Ta gyara zanin da ta rufe ƙafar da shi. "Rabi nake sha."

"Ɗaya rabin fa? Ɓera?"

"Ki iya bakinki. Hajiya."

Sai ta ba ni labarin kamar tana ba ni labarin cefane. Hajiya ba ta da inshora, ba ta da takardun zama a ƙasar, kullum tana kukan baya. Duk Laraba Umma takan ɗora ƙwayar a faranti ta raba ta da wuƙar albasa, su sha, su zauna a miƙe gaban taga suna hira har rabin awar ta cika.

"Shekarunmu ɗaya, ƙashinmu ɗaya," in ji ta. "Ina gyara nawa, nata na lalacewa a saman kaina? Da wane ido zan kalle ta?"

"Wanda ya rage da aka hana ki fa? Na karɓo sabo kafin ki karye."

Ta juya tana kallon taga.

"Umma."

"Abu mai tsada a zubar? Yana wajenta. Yanzu ɗaya cur take sha, ta samu ƙarin girma." Har da 'yar dariyarta. Da ta ga ban yi ba, sai ta ce, "Sunanta dai kada ya shiga takardar nan. Na faɗa miki."

Na ajiye biron na hau sama. Na tarar da Hajiya a ƙasa kan darduma tana jera kwalaben turare a kwali, ƙafar dama a miƙe. Ɗakin duk warin man zafi, ya danne na turaren.

"Ɗiyata, lahiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Hajiya, me ya samu ƙafar?"

"Sanyi ne."

"A watan Agusta? Ni gumi nake."

"Ke yarinya ce. Sanyin tsohuwa daga ciki yake."

Na ce ta nuna mini wurin. Ta ɗora hannu a tsakiyar cinya, ta gefe, daidai inda ɗinkin Umma yake. Tun ƙaramar salla yake damunta, in ji ta, musamman in ta wuni tsaye a tebur. Na faɗa mata abin da likita ya ce, ban rage ba. Na ce ban sani ba ko shi ne, ni ba likita ba ce, amma hoto zai nuna.

"Lokotoro zai ce wa ya rubuta mini ordonansi, takardar maganin. In ce wa? Uwarki?"

"Ki ce ƙawarki. A asibitin da aka yi wa Umma aiki na ga waɗanda ba su da ko katin inshora ana duba su."

"Teburina kuma wa zai tsare? Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa."

"Ina fakitin?"

Ba ta amsa ba, amma idonta ya je kan firij. Na ɗauko shi. Saura biyar. Na sa a aljihu.

"Kin shigo ɗakina kin yi mini sata ina kallo," ta ce. "Haka aka koya muku a lakwal, makarantar nan taku?"

"Haka aka koya mana."

Ta miƙe za ta raka ni, sai da ta dafa bango. Na ga yadda ta ɗora nauyinta duka a hagu.

Da na sauko Umma ta yi barci. Fom ɗin na nan a buɗe. Na goge eh, na rubuta rabi, na rubuta cewa ɗaya rabin wata ce ke sha, ban sa suna ba. In hakan ya kashe ƙarar, ya kashe ta. Lauyar ta yi yadda za ta yi da gaskiyar.

Sannan na aika wa wata abokiyar aikina saƙo ta karɓi aikina na Laraba, in yi nata na Lahadi. Laraba dai Hajiya ta saba tashi da wuri. Na kalli kujerar Umma mai taya da ke naɗe a bayan ƙofa. Hajiya za ta ce ba za ta je ba, za ta ce ba za ta zauna a kai ba mutane na kallo. Na tura waɗanda suka fi ta taurin kai daga bakin jirgi har bakin tasi. Na yanke cewa ƙarfe bakwai zan hau da kujerar, in ɗora ta, in kai ta a ɗauki hoton cinyar.