Doyar da Aka Mayar wa Uwata

Har yau idan na ga an jera doya a gaban majami'a ranar Kirsimeti, sai in ji wuyana ya riƙe, daidai inda kwando ya danne ni ina budurwa. Na tsufa, an sha ce mini in yafe, na kuma ce na yafe. Amma fushin yana nan, ba zan yi wa kaina ƙarya a kan takarda ba.

A Lafia ne, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mahaifina manomin doya ne, gonarsa tana kan hanyar Doma. Yana da wata al'ada da ya ɗora wa kansa tun da ya zama Kirista: layin farko na gona na Yesu ne. Irin da ya fi kyau nan yake sa shi, ba a taɓa shi ko yunwa za ta kashe mu, sai Kirsimeti a tono a kai majami'a baiko, wato kyautar da ake miƙa wa Allah. Maciji ya sare shi a gonar nan, ya rasu ya bar uwata da mu biyar, ni ce babba.

Doya ba ta ciyar da gida shekara guda idan mace ɗaya ce ke riƙe da fartanya. Sai uwata ta koma sana'ar da ta koya wurin uwarta a ƙauyensu na kan dutse, ta fara dafa burkutu. Ba ta ɓoye ba, hayaƙin ma ba ya ɓoyuwa. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka sa ta a horo. Ma'anar horo ita ce ta zauna a bencin ƙarshe bakin ƙofa, ba ta cin jibin Ubangiji, ba ta shiga zumuntar mata. Babu wanda ya zo ya tambaye ta me yaran za su ci idan ta fasa tukwanen. Wasu daga cikin masu zama a bencin gaba kuwa na san hannayensu sarai, ni ce nake wanke ƙoƙunan da suka sha a bayan dangarmu.

Babban dattijon ikilisiyar, tela ne, aminin mahaifina. Tare suka sauko daga dutse, rana ɗaya aka yi musu baftisma, Baba muke ce masa. Kowace Kirsimeti langar farko ta sakwarar gidanmu gidansa take zuwa.

Duk da horon, uwata ba ta fasa layin Yesu ba. Ita ta yi shukar, ita ta yi noman. A shekarar nan layin ya yi albarka, doya kamar cinyar ƙato. Muka wanke su, muka jera a kwando, na ɗora gammo na ɗauka. Ina tafe ina taƙama, don na san babu wanda zai kawo irinsu.

Majami'armu ta ƙasa ce da jinka, an yi mata ado da ganyen giginya. Mai bishara ya yi wa'azi mai daɗi a ranar. Ya ce Allah bai jira duniya ta yi wanka ba kafin ya ba ta Ɗansa, ya ba ta ne tana cikin dauɗarta, a wurin da dabbobi ke kwana. Kowa ya ce amin. Aka tayar da waƙa, aka fara kai baiko, masu dawa, masu riɗi, masu kaji. Na taso daga bencin ƙarshe da kwandona, uwata tana bayana.

Ina shirin saukewa Baba ya sa hannu ya tare bakin kwandon. Bai ɗaga murya ba, amma waƙar ta mutu, kowa ya ji.

Ya ce, "Ikilisiya ba ta karɓar baiko daga hannun wanda ke cikin horo. Ku koma da shi."

Uwata Hausar kasuwa gare ta, komai a bakinta namiji ne. Ta ce, "Baban yara, doya ɗin bai sha giya ba. Na abokinka ne, layin da ka sani."

Ya ce, "Na sani. Doka ce."

Kwandon bai ko taɓa ƙasa ba. Haka na juya da shi a kaina, na ratsa tsakiyar mutane, kowa ya sunkuyar da kai yana duban ƙafarsa. Bakin da suka ce amin da shi ko bushewa bai yi ba. Ko mutum ɗaya bai ce uffan ba, har masu ƙoƙunan. Wannan shirun ya fi maganar Baba ƙona mini rai, kuma shi ne na kasa yafewa.

Muna isa gida na jefar da kwandon, na ce ni da majami'ar nan har abada. Na zazzagi dattawan ɗaya bayan ɗaya, na kira sunan kowa da abin da na sani a kansa. Uwata ta bar ni na gama. Ta ɗauko wuƙa ta zauna, ta jawo babbar doyar, ta fara fere.

Na ce, "Mama, me kike yi? Ai ba a cin layin nan."

Ta ce, "Wa ya ce mu za mu ci? Hura wuta."

Na hura ina kuka. Muka dafa, muka daka, na sauke haushina a kan turmi har sakwarar ta yi laushin da ban taɓa gani ba. Ta yi miyar riɗi da zakaran da maƙwabcinmu, wani Bagwandare Musulmi, ya yanka mana da safe, don Musulmin unguwa su ma su ci. Ta cika languna, ta raba wa ƙannena gidajen da za su kai. Sannan ta ɗauki langar farko, mai zanen fure, ta miƙo mini.

Ta ce, "Gidan Babanku."

Na ce wallahi ba zan je ba. Na ce mutumin da ya ci fuskarta a gaban jama'a, shi za ta ba cinyar zakara? Na ce ba ta da zuciya ne?

Ta ce, "Ina da shi, yana mini zafi ma. Amma kyauta ɗin ba nawa ba ne, na riga na ba Yesu tun ranar shuka. An rufe wancan ƙofa, sai in bi wani. Ɗauki kafin ya huce."

Na ɗauka, ba don na yarda ba. Na ɗauka ne da niyyar idan ya ƙi karɓa in kife masa ita a ƙofar gida.

Na same shi a rumfa tare da baƙi, har da mai bishara. A wurinmu abincin Kirsimeti ba a mayar da shi, kuma sai maigida ya ɗanɗana a gaban wanda ya kawo. Mayarwa daidai yake da cewa an sa maka guba. Na ajiye langar ban durƙusa ba.

Na ce, "Baba, ga doyar ɗazu. Mama ta ce a kawo maka."

Ya daɗe yana duban murfin. Ni kuwa addu'a nake yi ya ƙi, don in samu abin riƙewa. Sai ya ce a kawo ruwa. Ya wanke hannu, ya buɗe, ya yanki loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya ƙara ta biyu. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Matarsa ta juye sauran, ta wanke langar, ta zuba shinkafa, don langa ba ta komawa wayam.

Na dawo na cika na batse. Abin da ya ce bai dace da teburin Allah ba, ga shi ya dace da cikinsa. Haka na faɗa wa uwata tun daga bakin danga. Tana kankare turmi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ya ci?"

Na ce, "Ya ci, har loma biyu."

Ta ce, "To, ya isa wurin Mai shi. An koya mana abin da ka ba ɗan'uwa mabukaci, Yesu ka ba. A majami'a ɗin nan yau, ban ga wanda ya fi Babanku bukata ba."

Ba a cire ta daga horo ba. Lahadin da ta biyo baya ta ɗaura zanenta ta tafi, ta zauna a bencin ƙarshe bakin ƙofa, inda rana ke dukan mutum. Na rantse ba zan sake zuwa ba, amma na bi ta, don kada ta zauna ita kaɗai. Da damina ta faɗi, ta zaɓi irin da ya fi kyau, ta sa a layin farko.