Muryar da Ta Kira Sulaimanu a Cikin Dawa

Wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma da rana tsaka aka yi shi, balle wani ya ce mafarki na yi. Lokacin ina gyaran injin ban-ruwa a Karaye, ɗanmu na fari bai wuce shekara huɗu ba, ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai ta fi tsayin mutum.

Kafin in shiga labarin sai na gaya muku halin maiɗakina. 'Yar Falgore ce ta ƙasar Rogo, kuma gidansu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Sunan yaron Sulaimanu, amma tun ranar suna bakinta bai taɓa furta shi ba, daga "kai yaro" sai "yaron nan", ko a asibiti aka tambaye ta sunansa sai ta sunkuyar da kai ta bar ni da amsa. Ni kuwa kiran abina nake yi gatsau, har ina tsokanarta. Nakan ce, "To ranar da ya ɓace a kasuwa, sai ki ce wa mai cigiya a nemo miki kai yaro?" Sai ta harare ni ta ce in daina yi wa yaro mugun fata.

Ran nan ƙanwarta ta haihu, muka shirya zuwa suna can Falgore. Bayan azahar na ɗora yaron a kan tankin babur a gabana, ita tana baya da ƙullin kayan barka, muka kama hanya. Da muka wuce Tudun Kaya sai na ce bari in yanke ta wata hanyar cikin gonaki da na taɓa bi da rani, to ashe hanyar rani daban ta damina daban, dawa ta rufe hagu da dama, kamar kana tafiya a lungu. Muna cikin tafiya sai sarƙar babur ta zame. Na sauke su, na tsuguna ina fama da ita, hannuna duk baƙin mai, ita kuma ta ce za ta zagaya, ta ce mini, "Ga yaron nan." Na ce to, ban ko ɗago ba. Da ta dawo ta tambaye ni ina yake, ni a zatona bin ta ya yi.

Duk wanda ya taɓa shiga gonar dawa a wannan lokaci ya san ko babba ya yi taku kaɗan ba ka ƙara ganinsa, balle ɗan mitsitsin yaro. Na jefar da sifana, na ce ta duba wancan gefen, ni na faɗa wannan, ina ture kara ina kwala masa kira, ganye yana yankar mini fuska, ƙaiƙayi ko'ina, ba amsa. Ba kowa a gonakin, ko mai ciyawa babu.

Can sai na ji muryarta a gabana, can cikin gonar, tana cewa, "Sulaimanu, Sulaimanu, zo nan." A hankali take faɗa, da lallashi, irin yadda take yi in za ta ba shi magani. Ku yarda da ni, duk da tashin hankalin da nake ciki sai da na ce a raina, yau dai wuya ta sa an ajiye kunya. Na ɗauka ta hango shi ne, hankalina ya ɗan kwanta, na juya na nufi wajen da sauri.

Ban yi nisa ba na ji an damƙe mini riga ta baya. Ina waiwayawa na ga maiɗakina, mayafinta ya zame, ta toshe bakinta da ɗaya hannun. Ga ta a bayana ina kallon bakinta a rufe, ga muryarta kuma a gabana tana ci gaba da kiran Sulaimanu. Innalillahi, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, na nemi addu'a a bakina na rasa, sai a'uzubillahi kawai nake ta maimaitawa. Ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Malam, kada ka je, ba ni ba ce."

Na ce mata ai yaron can zai nufa, tunda muryarki ce. Wannan tunanin shi ya fi komai tayar mini da hankali. Sai kawai ta sake ni, ta ɗaga murya iya ƙarfinta, yadda take yi a tsakar gida in ya ɓarar mata da ruwa, ta ce, "Kai yaro, kai yaron nan, kana ina?" Ɗaya muryar ta ɗauke ɗif. Sai muka ji ɗan kuka a hannun damanmu, yana cewa, "Umma, ga ni."

Muka same shi a tsugune cikin kwarin kunyar gona, ya rungume karan dawa, fara a damƙe a hannunsa, ashe ita ya biyo. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Na ɗauke shi na ƙanƙame, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ita kuwa ko a nan ba ta taɓa shi a gabana ba, sai ta durƙusa tana ta alhamdulillahi tana kakkaɓe masa ƙasa daga takalmi. Ban san yadda na mayar da sarƙar nan ba, na dai ga muna tafiya, kuma ba wanda ya waiwaya a cikinmu.

Sai da muka isa Falgore, aka gaisa, aka kawo ruwa, sannan na ja shi gefe na tambaye shi ko ya ji ana kiransa. Ya ce tun kafin in fara kira ake kiransa. Na ce to me ya hana ka zuwa? Ya dube ni kamar na yi tambayar banza, ya ce, "Ai ba Umma ba ce, Umma ba ta faɗar sunana."

Washegari da na ba yayan maiɗakina labari ya ce sai na nuna masa wurin, muka koma tare. Muka bi ta inda na tattake kara, muka wuce inda ta riƙe ni, kaɗan muka ƙara dawa ta ƙare a bakin wani rami da aka taɓa haƙar ƙasa, ruwan damina ya cika shi taf, ciyawa ta rufe samansa, in ba ka lura ba sai ka ce fili ne. Ya yanko dogon kara ya zura, bai taɓo ƙasa ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce in gode wa Allah, mu tafi.

Ni dai ban san mene ne ba, ba kuma zan ƙirƙiro muku suna in sa masa ba. Abin da zan ce shi ne, in kuna tafiya da ƙaramin yaro a lokacin da amfani ya yi tsayi, kada ɗaya ya ce ai yana wajen ɗaya, a riƙe hannunsa, a kuma yi masa addu'a kafin a fita. In kuma kun ji muryar da kuka sani tana kira daga inda ba ku ganin mai ita, ku fara waiwayawa tukuna.

Yanzu Sulaimanu ya zama saurayi, ya fi ni tsayi, har yau kuma "kai yaro" take ce masa, ni ma tun ranar ban ƙara tsokanarta ba. Sau ɗaya tak na taɓa jin sunan ɗana da muryar uwarsa, kuma ba ita ce ta faɗa ba.