Kujerar Gaba

Jiya a kasuwar Arlit kwandon tumatir ya faɗo daga amalanke, mota ta bi ta kai. Da na ga jan ruwan yana bin ƙasa, sai da na nemi wurin zama.

Lokacin tawaye na biyu, sababbin kamfanonin uraniyom sun cika gari da baƙi, kowa na neman abinci, hanya kuwa duk nakiya. Tumatir ya yi tsada, ni kuma shi nake sayarwa. Wani tsohon direba nake bi zuwa lambunan duwatsun Ayar, Baba muke ce masa. Kamiyonsa, babbar motar kaya, kullum warin man gazuwal da taba, kuma ba ya yarda kowa ya zauna gaba.

Wata rana za mu dawo, na ce, “Baba, ciki gare ni, baya akwai jijjiga.”

Ya ce, “'Yata, tayar gaba ce ke taka nakiya. Hau baya.”

Na hau ina gunaguni. Bayan azahar ƙasa ta tashi da mu. Na farfaɗo cikin kwanduna, kunnena ya toshe, zanena jawur, ina shafa cikina ban san jini ba ne ko tumatir. Kan motar ya rabu biyu. A rawanin Baba maza suka tattara abin da ya rage nasa.

Ɗiyar da ke cikina ran nan, yanzu ita ke tsare mini rumfa. Allah ya sanyaya makwancinka, Baba, ya ba ka kujerar gaba a Aljanna.