Shugaban Kwamitin Inganta Jinya

Tana ba mijinta ruwa da cokali sai ga wani mutum ya shigo ɗakin masu raunin ƙwaƙwalwa, ƙamshin turarensa na gaba, mai ɗaukar hoto na biye. Wai shi ne shugaban kwamitin inganta jinya. Takalminsa sai ƙyalli yake, yana taka ƙasa a hankali kamar za ta shafa masa ciwo. A ranta ta ce, wannan ko a gidansa bai taɓa goge wa wani yawu ba.

Ya sunkuya kan mijin yana ɗaga murya, sai ka ce faɗuwa daga babur kunne take toshewa.

"Malam! Kana jin daɗin kulawarmu?"

"Madalla," in ji mijin.

"Kun dai ji da kunnenku!" Ya juya wajen kyamara yana washe baki.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "tun hatsarin, kalmar nan kaɗai ta rage masa. Ko fitsari ne ya matse shi, ita yake faɗa. Mai koya masa magana muke nema."

Ya girgiza kai cike da tausayi.

"Allah sarki. Hajiya, za ki ara mana shi ranar taron kwamitinmu?"